Tawadar da Ba Ta Wankuwa

Ku 'yan matan nan da kuka shigo mini gida shekaranjiya kuna ƙyalƙyala dariya, wai in koya muku haɗa tawada kafin azahar tunda gawayi ne da ruwa, ku zauna ku ji. Ban girme ku da yawa ba, na sani. Amma tun ban fara ɗaura zane a ƙirji ba nake cikin aikin nan, kuma shi ne ya kusa jawo wa ɗiyata Ige sunan da ba ya barin mutum har kabari.

A Aliero na koya, hannun Gwaggo Hakatau, yayar babana. Aikin farko da ta ba ni tsintar ƙaro ne. Ta zube shi a faifai, ta ce in cire ɓawon itace da ƙasa da duk ƙwaron da ya maƙale a ciki. Na duƙa har wuyana ya ƙage, na kai mata ina jiran yabo. Ta ɗauki ƙwaya guda ta ɗaga wa rana, ta ce, "Balki, wagga ƙahwar tururuwa wa za ya sha ta? Ke ko ɗiyan mutane?" Ta juye mini shi duka, ta ce in sake.

Tawada iri biyu ce, kuma duk wadda ba ta riƙe wannan ba gara ta je ta soya ƙosai. Akwai ta allo, wadda malam zai rubuta aya da ita a wanke a sha. Ita gawayin aduwa ake dakawa, a tankaɗe da ƙyalle har ya yi laushi kamar kwalli, a dafa da ƙaro. In ƙaro ya yi yawa, alƙalami ya riƙa jan ta kamar yauƙin kuɓewa. In ya yi kaɗan, yaro na rungumar allo karatunsa ya koma gaban rigarsa. Cikin mutum za ta shiga, mai ciki da jinjiri da tsoho, don haka tukunyarta ba ta taɓa ganin miya ba, kuma ba na kusantar ta sai da wankakken hannu.

Sai ta takarda. Ita bagaruwa ake fasawa a zubar da 'ya'yan, a jiƙa, a je maƙera a roƙo kashin ƙarfen da suke zubarwa, a haɗa a dafa, ana motsawa ana kwashe kumfa, hayaƙi na cin ido. In aka fara rubutu da ita sai ka ce ruwan wanke tukunya ne, amma tana shan iska sai ta rine ta kama takarda, ruwa ba ya ɗaga ta. Ba a shan ta, tana murɗa ciki. Kuma yadda take kama takarda haka take kama fata. Ku dubi hannuwan nan. Ranar aurena an ƙunsa mini lalle, da aka kwance ba wanda ya gane an ƙunsa. Gwaggo ba ta yarda tukwanen biyu su hau murhu ɗaya ba, kowace da ludayinta, kuma na taɓa shan ludayin a ƙeya don na musanya su.

Da aure ya kawo ni Jega, gidan Mamman mai jakai, wanda ke ɗauko albasa daga Aliero, sai na zo da tukwanena. Malaman allo suka san ni. Akwai mai sunsuna kurtun tawada kafin ya karɓa, akwai mai ɗanɗanawa da harshe ya ce ƙaron bana bai kai na bara ba, alhali daga buhu ɗaya suka fito. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, aikin takarda ya yi yawa, masu rubuta wa alƙali da masu rubutun haraji duk suna aikowa. Ina samun na gishiri da na sabulu ba tare da na jira dawowar jakai ba. Haka nake har na haifi Ige.

Tana goye, ba ta fara rarrafe ba, Malam Altine ya fara yi mini sallama a zaure. Shi kwafar littafi ne aikinsa, hannunsa da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Wani Bature ne ya sa malamai su rubuta masa tatsuniyoyi da labaran mutanen da, Malam Altine na cikinsu. Sai ya lura in ana karanta wa Baturen, kuku da masu gadi ba su matsowa sai an zo kan na dodo da fatalwa. Ya ce ashe ga kasuwa. Ya tattara masu ban tsoron, ya ƙara da na kansa, ya shiga kwafa, kowane labari da takardarsa, mai so ya ɗauki ɗaya, mai hali ya ɗauki duka a naɗe a fata. Tawadar takarda yake so, mai yawa. Ina miƙa masa kurtu daga bayan asabari sai ya ce, "Kai, Balki, wanga hannu naki ko aljani yag gane shi sai ya yi a'uzu." Na yi dariya. Na ɗauka wasa ne irin na mai ciniki.

Ranar da ya fito da su, ranar kasuwa ce. Ya aiko cewa tawada ta ƙare masa, in kai masa gindin tsamiyar da ke bakin 'yan goro. Ba ni da ɗan aike, na goya Ige na ɗauki kurtu na tafi. Na tarar da taro kamar ana dambe: fatake, masu albasa, Fulani mata sun sauke ƙoren nono, har masunta daga gulbi da warin kifinsu. Malam na zaune kan buzu, ya jera takardu ya danne da duwatsu.

Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce, "Malam, tatsuniya da rana tsaka? Kuma da baƙaƙen da aka karatu da su?"

Malam ya ce, "Wagga ba tatsuniya ba ta, Baba. Ka taɓa ganin tatsuniya bisa takarda? Labari na."

Ku riƙe maganar nan, don ita ce ta yi ɓarnar. Tatsuniya kowa ya san ƙarya ce, tsohuwa ta yi ta a rufe a kwanta. Amma abin da aka rubuta da baƙaƙen da muke ganin malamai na rubuta aya, wa zai ce ƙarya ne?

Ya gyara murya ya ɗauko ɗaya. Wai wata mace ce ke zama a mashigin gulbi, in mai goyo ta zo ƙetarewa sai ta ce, kawo in riƙe miki shi ki ɗage zane. In an kai gaci ta miƙo yaron, uwa ta ji shi sakayau kamar busasshiyar ƙwarya, idonsa buɗe, ba ya kuka, ba ya kama nono. In ta waiwaya, ba kowa. Wai alamarta ɗaya ce: hannuwanta baƙi ƙirin har wuyan hannu. Wata mai nono ta kwance goyonta ta dawo da shi gaba. Daidai nan na kutsa na miƙa kurtu.

Wani mahauci ya ƙwala ihu, "Ga ta nan ta iso! Har da ɗan da tac ƙwato!"

Wuri ya fashe da dariya. Malam ya yi har rawaninsa na karkacewa. Ni ma na yi, me zan yi? Na cusa hannu cikin mayafi na fita. Kafin la'asar ba takarda ko ɗaya kan buzunsa. Mutane suka sa musu suna hana-barci. Samari suka haddace suna tsorata 'yan talla, mata suka daina zuwa wanki gulbi su kaɗai, limamin unguwarmu ya yi faɗa a kai bayan salla, faɗan ya ƙara musu kasuwa. Wanda bai san alif ba ma ya saya, ya kai ƙauye a nemi mai karanta masa.

Cikin waɗanda suka saya har da wani manomi daga Mungadi, Modi. Ban san shi ba sai ranar da ya tsaya ƙofar gidanmu da ƙannensa, kowa da sanda. Ga abin da ya faru, yadda na haɗa shi daga baya. Ya kai takardar gida an karanta a tsakar gida, ɗiyarsa Kulu, wadda ba ta wuce fara ɗaukar ƙaramin tulu ba, tana ji. Ya soke takardar a jikin rufin ɗaki. Bayan nan zazzaɓi ya kama yarinyar yana gona. Uwar Modi, tsohuwa da ake kira Ta-Karaye, ta ga rubutu a soke a rufi, ta ce ai ga magani a gida. Ta sa a ruwa, rubutu ya ƙi fita. Ta cuɗa, ya ƙi. Sai ta kirɓa takardar a turmi ta dama ta ɗura wa yarinya. Yarinya ta yi ta amai baƙi, jiki ya ƙara zafi, ta shiga sambatu tana cewa mai baƙin hannu na kiranta. Modi kuwa yana gindin tsamiya ranar da mahauci ya yi ihunsa. Ya tambayi ko ni wace ce, aka ce masa ai ni ce ma ke haɗa tawadar.

Mayya. Kalmar ke nan da suka zo da ita, suka faɗe ta da ƙarfi a ƙofar gida, maƙwabta na leƙe ta saman darni. Wai na kama kurwar yarinya, in zo in tsallake ta in sake ta. Ku kun san abin da ake cewa: maita a nono ake shan ta. In sunan ya zauna a kaina, ya zauna kan Ige. Ba mai cin abinci kwano ɗaya da ita, ba mai barin ɗansa ya yi wasa da ita, in ta girma ba gidan da zai aiko tambaya.

Na ce su dakata, na ruga gidan Malam Altine. Na durƙusa a ƙofar zaurensa na ce, "Malam, don Allah ka taho mu tai Mungadi ka hwaɗa musu kai kaƙ ƙaga labarin nan. Ka ce musu hannuna kag gani kas saka."

Bai ko ajiye alƙalami ba. Ya ce, "Ni rubutu niy yi, ban ce a sha ba."

"Ai ba zancen sha nika yi ba. Ka ce musu ƙarya ta."

"In ce ƙarya ta, wa ka sake saye? Kuma ke ɗai ad da baƙin hannu garin ga? Marina fa?"

"Marina ba su anka nuna cikin kasuwa ba, Malam."

Ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya tsoma alƙalami cikin kurtun da ni na cika masa. Har yau ban manta tsomawar nan ba. Mutum ya ari hannunka bai tambaye ka ba, ya sayar, ya ci, ranar da aka zo kama hannun ya ce bai san zancen ba.

Mai unguwa ya ce gara in je, don in na ƙi, yarinya ta mutu, ba wanda zai iya tare mini mutane. Washegari da sassafe Mamman ya ɗaura wa jaki akumari, na hau da Ige, muka bi su. Muka isa Mungadi rana ta karkata.

Gidan cike yake. An shimfiɗa Kulu kan tabarma ƙarƙashin rumfa, leɓɓanta sun bushe, idonta a lumshe. Wata matashiya kamar ni na zaune wajen kanta tana kora mata ƙuda da faifai, ita ce uwarta, Luba. Ta-Karaye ta taso da ƙoƙo a hannu, da sauran abin da ta dama a ciki, ta kawo shi dab da hancina.

"Tun ba a haihi uwakki ba nika wanke rubutu," in ji ta. "Ban taɓa ganin wanda yaƙ ƙi ruwa ba sai naki. Da mi kika yi nai?"

Na ce, "Inna, bagaruwa ta da kashin maƙera. Wagga ta takarda ta, ba ta sha ba ta. Ta sha daban take."

"In ba ta sha ba ta, don mi anka yi baƙaƙen Allah da ita?"

Tsohuwar nan duk rayuwarta ba ta taɓa ganin rubutun da ba magani ba. Wanda ya kamata ya amsa mata yana Jega kan buzu.

Maza suka fara gunaguni daga bakin ƙofa, a bar dogon zance, ta tsallaka. Mamman ya matso ya ce a hankali, "Balki, tsallaka mu tai gida, dare na yi muna."

Na ce, "In ta warke fa?"

Sai a lokacin ya gano abin da na kwana da shi tun Jega. In na ƙi tsallakawa ta mutu, ni na cinye ta. In na tsallaka ta tashi, to ga shaida, mayya ta saki kurwa. Ga yarinya kwance ina roƙon Allah ya tashe ta, kuma tashinta ne zai gama da tawa ɗiyar.

Wata ta ce ba a tsallakawa da goyo, in sauke. Na kwance Ige, na riƙe ta da hannu biyu, na miƙa wa matar da ke kusa da ni. Ta kau da kai. Na miƙa wa ta gefenta, ta sa hannu a baya. Na juya da ita wajen sauran, mata cike da tsakar gida, kowace ta san yadda ake karɓar jinjiri, ba wadda ta motsa. Wata ma janye ɗanta ta yi ta tura shi bayan zanenta. Ige kuwa sai wutsil-wutsil take da ƙafa tana yi musu dariya, ita a ganinta wasa ake.

Sai na ji an ajiye faifai. Luba ta miƙe, ta zo ta karɓi Ige ta saɓa a kafaɗa. Ba ta dube ni ba. Ta koma wajen tabarma, ta tattare zane da hannu ɗaya, ta tsallake ɗiyarta.

Ta-Karaye ta ce, "Ke Luba, hauka kika yi?"

"Ni nir riƙe mata hannuwa anka ɗura mata," in ji Luba. "In hannu aka nema, nawa na ciki. Inna, ke kid dama, taho. Baban Kulu, kai kas sawo, taho. Kowa yat taɓa takardag ga shi tsallaka, ni dai ɗiyata ta tashi."

Ba wanda ya taɓa jin an ce wa uwar miji haka a gidan, na ga alama. Amma wa zai ce ba ya tsallakawa, jikarsa na kwance? Tsohuwa ta ajiye ƙoƙo, tana mita tana dafa gwiwa, ta tsallaka. Modi ya jingine sanda ya tsallaka, kansa a ƙasa. Ɗan'uwansa da ya karanta musu labarin ya bi. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce, "To ni turmina anka ara, kada a ce ni niƙ ƙi," ta tsallaka tana cewa a riƙe ta kada ta faɗa kan yarinya, har wasu suka yi dariya. Wadda ta ɗebo ruwan ta bi. Luba ta yi mini nuni da haɓa, na shiga tsakaninsu na tsallaka, wata ta biyo bayana, wata ta biyo bayanta.

Da za ta miƙo mini Ige na fara yi mata godiya, ta katse ni. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Ban sani ba ko ke ta, ko ba ke ba. Na dai ga yadda kika miƙa ta ba mai amsa."

Kulu ta tashi. Bayan 'yan kwanaki wani mai albasa ya gaya wa Mamman ya gan ta tana bin awaki. A Mungadi aka yi ta gardamar tsallakawar wa ce ta sake ta, har wasu na tsokanar mai turmi, maganar ta watse ba ta zauna kan kowa ba. A Jega ba ta watse duka ba. Malaman allo da yawa sun dawo, wasu har yau ba su sake aiko kurtu ba, kuma ba su faɗi dalili ba. Shekarar nan tukunyar ta sha ta fi zama a kife, mun ci tuwo ba man shanu har kaka. Malam Altine kuwa labarin Mungadi ya ƙara masa masu saye, wai ga takardar da ta kwantar da yarinya. Ya aiko a ba shi tawada kamar ba abin da ya faru, na ce wa ɗan aiken ya gaya masa bagaruwa na nan a daji, maƙera na nan a kasuwa, hannu kuma yana da biyu.

To ga aikin da kuke cewa gawayi da ruwa. In har yanzu kuna so, ku zo da safe, akwai ƙaro a faifai. Sai dai kada ku yi mamaki in kuka ga ina cikin motsa tukunya na tsaya cik. Ige ta yi ƙafa yanzu, tana fita ƙofar gida wasa da yaran unguwa. Duk sanda na ji wata uwa ta ƙwala wa nata kira daga cikinsu, sai na ajiye ludayi na kasa kunne, in ji ko kiran tuwo ne.